Bayan an naɗe tiyo: hukumar kashe gobara ta Landan, daga Grenfell zuwa Wembley

Da ƙarfe 12:54 na daren 14 ga Yuni 2017 aka kira hukumar kashe gobara ta Landan. Firji ne ya kama da wuta a wani gida da ke hawa na huɗu na benen Grenfell, a unguwar North Kensington. Irin aikin da 'yan kwana-kwana ke yi kullum ne, kuma sun kashe wutar kicin ɗin. Sai dai kafin nan ta riga ta fita ta taga, ta kama falankin adon da aka lulluɓe ginin da su ta waje, waɗanda cikinsu roba ce mai saurin cin wuta. Ƙarfe ɗaya da rabi bai yi ba ta kai ƙololuwar benen mai hawa 24. Mutum 72 suka rasu. Ma'aikata fiye da 200 suka yi aiki a wurin, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya mutu a daren.

Bayan shekara uku da wata biyu, a Agustan 2020, wani matashi ɗan shekara 21 da ke koyon aikin a tashar Wembley ya kashe kansa. Bai je Grenfell ba, lokacin bai ma shiga aikin ba. Amma mutuwarsa ce ta sa aka buɗe cikin hukumar aka ga abin da ke ciki.

Ana yawan ba da labarin waɗannan abubuwa biyu daban-daban. Ga mai son hana ma'aikatan kashe gobara kashe kansu, labari ɗaya ne. Hukuma za ta iya tanadar masu ba da shawara kan damuwar zuciya don ranar babban bala'i, ta kuma rasa mutum a ranar da ko ƙararrawa ba ta kaɗa ba.

Yadda gobarar ta iske hukumar

A Janairun 2014, zamanin Boris Johnson yana magajin gari, an rufe tashoshi 10, an janye motoci 14, an soke guraben aiki 552. Wannan kowa ya gani. Abin da bai fito fili ba sai bayan Grenfell shi ne halin da sashen masu ba da shawara yake ciki. Ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan, FBU, da jaridun Birtaniya sun ce an rage su daga 14 zuwa biyu, a hukumar da ke da ma'aikata fiye da 5,000. Da abin ya faru, dole aka nemo masu sa-kai daga waje, daga baya aka ɗauki ƙarin na dindindin. Taimakon waje ya yi rana, amma yana da iyaka. Ɗan kwana-kwana ba ya buɗe cikinsa ga wanda sai an yi masa bayanin mene ne tukunyar iska, wato abin numfashin da suke goyawa su shiga hayaƙi, kuma yakan fara da ba da labari mafi muni don ya ga ko fuskar mai sauraro za ta canza. In ta canza, ba zai dawo ba.

Sai an san tsarin aikin kafin a fahimci sauran. Kowace tasha tana da rukuni huɗu: Ja, Fari, Shuɗi da Kore. Kowane rukuni yana yin aikin rana biyu, na dare biyu, sannan hutun kwana huɗu. Aikin dare daga ƙarfe 8 ne zuwa 9:30 na safe, sa'a 13 da rabi. Mutanen nan su ne dai shekara da shekaru, tukunya ɗaya, tebur ɗaya, mota ɗaya. Wanda rukuninsa ya karɓe shi ya sami dangi na biyu, kuma babu maganin da ya kai wannan kare mutum. Wanda suka ƙi kuwa, ba shi da wurin ɓuya, don da su zai ci abinci, da su zai kwana, kuma ɗaya daga cikinsu ne zai riƙe masa baya a cikin hayaƙi.

Rauni iri biyu

Matattakala ɗaya ce tak a benen Grenfell, kuma hayaƙi ya cika ta. Tukunyar iska ta yau da kullum kimanin rabin sa'a take kai mutum, ƙasa da haka in yana hawa da kaya. Akwai waɗanda aka tura wani gida a sama, usur ɗin gargaɗin ƙarewar iska ya busa kafin su isa, suka juyo. Akwai waɗanda suka cire abin numfashinsu suka sa wa mazauna ginin. A ɗakin karɓar kira, wanda a daren yake Stratford saboda ana gyara a babban ɗakin na Merton, ma'aikata sun yi ta gaya wa mutane su zauna a gidajensu, taimako na zuwa, domin haka ƙa'idar ginin ta ce. Sai ƙarfe 2:47 aka janye wannan umarni. Wasunsu suna kan waya da mutum har muryarsa ta ɗauke.

Irin wannan dare yana barin rauni iri biyu, kuma kuskure ne a haɗa su. Na farko firgici ne, wanda in ya zauna likitoci ke kira PTSD. Alamominsa kashi huɗu ne. Abin yana dawo wa mutum a mafarki ko a farke kamar yanzu yake faruwa. Yana gudun duk abin da zai tuna masa, har ya canza hanyar zuwa aiki. Tunaninsa ya yi duhu, ya daina jin daɗin komai. Jikinsa kuma kullum a ɗar-ɗar, barci ya ƙi, fushi ya yi kusa. A makonnin farko yawancin mutane za su ga wasu daga cikin waɗannan, kuma ba ciwo ba ne, jiki ne ke narkar da abin da ya gani. Ana kiransa ciwo ne in ya wuce wata guda yana hana mutum aiki ko zaman gida.

Na biyu ciwon lamiri ne. Mai shi ba tsoron wuta yake ba, kansa yake tuhuma: na juyo na bar su, na ce mata ta zauna. Ko kuma yana jin waɗanda suka tura shi sun ci amanarsa. Wannan ba ya jin lallashin "kun yi iya ƙoƙarinku", kuma kiran mutum jarumi yana ƙara masa nauyi ne, don yana ganin da an san abin da ya sani da ba a faɗa ba. Kunya da zargin kai suna da alaƙa ta kusa da tunanin mutuwa, shi ya sa ma'aikacin ɗakin waya, wanda ko warin hayaƙi bai ji ba, yake iya fin wanda ya shiga ginin shiga haɗari.

Shugabar hukumar ta lokacin, Dany Cotton, mace ta farko da ta riƙe muƙamin, ta fito fili ta ce ita ma tana ganin mai ba da shawara. A gaban kwamitin bincike a Satumban 2018 ta ce akwai sassan daren da suka ɓace mata. An soki jagorancinta a rahoton shugaban kwamitin, Sir Martin Moore-Bick, na 30 ga Oktoba 2019, ta kuma bar aiki a ƙarshen shekarar. Duk da haka, wancan furuci nata ya yi aikin da takardun manna wa bango ɗari ba za su yi ba. In mai gidan ta je, ƙaramin ma'aikaci ba shi da abin kunya.

Wata na farko: abin da ake yi da abin da aka bari

An daɗe ana amfani da tsarin da Jeffrey Mitchell ya fito da shi a Amurka a 1983. A tara duk waɗanda suka je wurin cikin kwana ɗaya zuwa uku, kowa ya faɗi abin da ya gani da yadda ya ji. A ido abu ne mai kyau. Amma nazarin 2002 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken likitanci, wanda ya duba zama ɗaya tak na irin wannan da mutum ɗai-ɗai, bai ga ya hana PTSD ba, a wani gwajin ma waɗanda aka yi wa sun fi shan wahala daga baya. Ƙa'idar Disamban 2018 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta ce kada a yi shi da sunan rigakafi. Ana ganin dalilin shi ne tilasta wa mutum tono abin tun jikinsa bai lafa ba. In a taro ne kuma, wanda ya tsaya a ƙasa zai tashi da hotunan da wanda ya hau hawa na 20 ya zuba masa.

Abin da ya maye gurbinsa ba shi da armashi, amma ya fi aiki. Kafin mutum ya bar wurin a ba shi ruwa da abinci, ya yi wanka ya canza kaya, ya kira gida. A gaya masa gaskiyar abin da aka sani. A duba yadda zai koma gida, don wanda ya yi sa'a 13 a irin wannan aiki bai kamata ya tuƙa mota ba. A ba shi takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana alamomin da zai iya gani da lambar da zai kira, a kuma ba iyalinsa irinta, don mata ko miji ne ke fara ganin canjin. Kada a ba shi ƙwayoyin kwantar da hankali dangin diazepam da niyyar hana firgici. NICE ta hana, don ba sa hanawa, kuma ana sabawa da su.

Bayan kwana uku sai wani abokin aiki da aka horar ya zauna da shi. Tsarin da aka fi sani a Birtaniya shi ne TRiM, wanda ya samo asali daga sojojin Royal Marines, 'yan sanda da wasu hukumomin kashe gobara suka ɗauka. Ba magani ba ne, awo ne. Ana duba abubuwa goma, daga ciki har da ko mutumin ya zaci zai mutu, ko yana zargin kansa, ko yana da wata damuwa tun kafin abin, ko yana da mai jin kukansa a gida, ko ya ƙara shan giya. A rubuta makin, a sake zama bayan kwana 28. Abin dubawa shi ne inda makin ya dosa. Wanda nasa ke sauka a bar shi, wanda nasa ya tsaya ko ya hau a miƙa shi ga likita.

A daidai wannan lokaci ake amfani da takardun tantancewa. TSQ tambaya 10 ce ta e ko a'a, wadda Chris Brewin da abokan aikinsa suka tsara a Landan, aka yi aiki da ita bayan hare-haren bam na Yulin 2005. Wanda ya amsa e a shida ko fiye yana bukatar cikakken bincike. Ba a ba da ita kafin mako uku, don a lokacin kusan kowa zai fito kamar marar lafiya. PCL-5 ita ma ta firgici ce, tambaya 20, maki daga 0 zuwa 80, ana sa ido daga 31 zuwa 33. PHQ-9 ta ciwon damuwa ce, ana sa ido daga maki 10, amma tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa, ita kaɗai ta isa a zauna da mutum a ranar, ko da sauran makinsa sifili ne.

Maganin da ke da hujja mafi ƙarfi na magana ne: CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar hira da ƙwararre, wanda aka tsara don firgici, yawanci zama 8 zuwa 12, ko EMDR, inda mutum ke tuna abin yana bin motsi da idanunsa. Wanda ya fi son ƙwaya ana iya ba shi sertraline ko venlafaxine, a kuma sa masa ido a makonnin farko, musamman in matashi ne.

Hukumar Landan ta bi wani abu mai kama da wannan. Masu ba da shawara sun gana da ma'aikata kafin su tashi daga aiki, aka sake bibiyarsu bayan wata guda da kuma daga baya. Inda irin wannan tsari ke yoyo sananne ne a ko'ina. Jerin sunayen ba ya cika, don ana tuna waɗanda suka fara isa, a manta da 'yan canji, da waɗanda suka yi makonni suna neman gawa, da masu wanke kayan aiki, da manyan jami'an da kowa ke zaton sun fi ƙarfin abin. Mutane suna yin ƙarya a takarda in sun san oga zai gani. Ana tantance mutum a ce yana bukatar magani, sannan a sa shi layin wata shida, wanda ya fi rashin tambayar muni. Kuma ana rufe fayil da wuri. Ma'aikatan Grenfell sun ba 'yan sanda bayani, sun tsaya gaban kwamiti daga Yunin 2018 ana nuna musu bidiyon daren, wasu suka fashe da kuka a bainar jama'a. Sannan rahoton 2019 ya yaba wa jaruntakarsu amma ya ce da an kwashe mutane da wuri da an ceci ƙarin rayuka. Ga mai ciwon lamiri, ranar fitar wannan rahoto gobara ce ta biyu.

Wembley

Ba abu ɗaya ke sa mutum ya kashe kansa ba, kuma duk wanda ya ce ga dalili guda ya rage gaskiya. Abin da ya fito a bincike shi ne matashin nan na tashar Wembley yana da matsalar karatu da rubutu irin wadda ake haihuwar mutum da ita, ya sha neman a sauya masa tasha, kuma iyalinsa sun nuna damuwa cewa ana muzguna masa saboda launin fatarsa. Mai binciken musabbabin mutuwa ta rubuta wa hukumar takardar gargaɗi irin wadda dokar Ingila ta tanada don hana maimaituwar abu. Sabon shugaban hukumar na lokacin, Andy Roe, wanda shi ne ya janye umarnin zama a gida a daren Grenfell, ya ɗauko Nazir Afzal, tsohon babban mai gabatar da ƙara na arewa maso yammacin Ingila, ya binciki yadda ake zama a tashoshin.

Rahoton ya fito a Nuwamban 2022, bayan an ji daga bakin ma'aikata kimanin 2,000. Ya ce ƙin mata da wariyar launin fata sun yi kanta a hukumar, ya kuma ba da shawarwari 23. A ciki akwai labarin ma'aikaci Musulmi da aka riƙa cusa wa naman alade a abinci da aljihu, da ma'aikatan da aka zuba wa fitsari a hular kwano. Masu yi suna kiransa wasa. Da ma wasa da barkwanci suna cikin hanyoyin da masu wannan aiki ke sauke nauyin abin da suka gani, kuma ba wanda zai ce a daina. Bambancin a bayyane yake: in kowa ana tsokanarsa yana ramawa, wasa ne, in kuwa mutum ɗaya ne kullum, kuma ba shi da bakin ramawa don sabo ne ko don shi kaɗai ne irinsa, an fitar da shi daga dangi ke nan alhali yana zaune a tsakiyarsu.

Masanin halayyar ɗan Adam Thomas Joiner ya yi bayani a 2005 da ya dace da wannan aiki ƙwarai. Ya ce son mutuwa yana tasowa in abu biyu suka haɗu, wato mutum ya ji ba shi da mutane, ya kuma ji ya zama kaya a kan wasu. Amma son ba ya zama aiki sai da na uku, wato tsoron ciwo da mutuwa ya ragu. Ɗan kwana-kwana aikinsa ne ya koya masa na ukun, an horar da shi ya nufi abin da kowa ke gudu. Saboda haka katangar da ke tare sauran mutane a wurinsa gajera ce, kuma biyun farko ne kaɗai hukuma ke da iko a kansu. Su kuwa a teburin cin abinci ake gina su ko a rushe su. Wanda aka cire daga mota saboda rauni, wanda ake bincike a kansa, wanda ya faɗi jarrabawar koyon aiki, wanda ya yi ritaya watan jiya, duk sun rasa rukuni kuma suna jin ba su da amfani a lokaci guda.

Alƙaluman da ake da su sun fi yawa daga Amurka. Binciken Ian Stanley da Joiner da abokansu na 2015 a kan ma'aikata 1,027 ya sami kashi 46.8 cikin ɗari sun taɓa tunanin kashe kansu a tsawon aikinsu, kashi 15.5 sun taɓa yunƙuri. A riƙe shi da hankali, don ta intanet aka yi, kuma wanda abin ya shafa ya fi saurin amsawa. Gidauniyar Ruderman ta Amurka ta ƙirga aƙalla ma'aikatan kashe gobara 103 da suka kashe kansu a 2017, a kan 93 da suka mutu a bakin aiki. A Birtaniya, ƙungiyar Mind mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta tambayi ma'aikatan agajin gaggawa a 2016, fiye da ɗaya cikin huɗu suka ce tunanin ya taɓa zo musu. Akwai kuma barci, wanda ba a cika lissafawa da shi ba. Binciken Laura Barger na 2015 a kan ma'aikata kusan 7,000 ya nuna kashi 37 suna da alamun ciwon barci, kuma fiye da kashi 80 na waɗannan ba su san suna da shi ba. Rashin barci yana ƙara haɗarin, kuma shi ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga, don mutumin da ba zai taɓa cewa yana cikin damuwa ba zai yarda ya ce ba ya barci.

Aikin shugaban rukuni

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma masu wannan aiki sun ƙware wajen gyara fuska. Abin dubawa shi ne canji. Mai surutu ya yi shiru. Ya daina zama a tebur, yana cin abinci a motarsa. Yana karɓar duk wani aikin ƙari don kada ya koma gida, ko yana yawan faɗin ba shi da lafiya a ranar farko ta aiki. Ya fara sakaci da kansa a wurin gobara. Ya raba kayansa. Yana cewa "kun huta da ni". Sai kuma takardar neman sauyin tasha. Ta farko magana ce ta ofis. Ta uku kukan kurciya ce, kuma ya kamata tsarin kwamfutar hukuma ya tura ta ga wani jami'i da ba na tashar ba, don wataƙila ogan da ke sa hannu shi ne abin da ake gudu.

In an ga haka, a keɓe da shi, ba a ofis da ƙofa a buɗe ba. A faɗi abin da aka gani, ba abin da ake zato ba: "Kwana biyu ba ka zama da mu, kuma jiya ka ce mun huta da kai." Sannan a yi tambayar da sunanta: "Kana tunanin kashe kanka?" Kewaye-kewaye irin su "ba dai wani abu kake shirin yi ba ko?" yana nuna masa amsar da ake so ne, zai kuma ba da ita. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Nazarin da aka yi a King's College ta Landan a 2014 ya tattara binciken da ake da su, bai sami hujjar hakan ba.

In ya ce e, kada a yi wa'azi, kada a yi gardama, kada a yi alkawarin rufa asiri. A tambaya ko ya tsara yadda zai yi, ko abin yana hannunsa, ko ya sa lokaci, ko ya taɓa gwadawa. Waɗannan su ne ƙashin bayan ma'aunin Columbia mai tambaya shida, wanda ake auna haɗarin kashe kai da shi. In akwai shiri da niyya, ba a barinsa shi kaɗai ko na minti biyar, a kai shi sashen gaggawa na asibiti, wani ya zauna da shi, ba a ba shi lamba a ce ya kira ba.

In tunani ne babu shiri, a haɗa shi da likita cikin kwana ɗaya ko biyu, a kuma rubuta tsarin tsira irin na Barbara Stanley da Gregory Brown. Matakai shida ne, da kalmominsa, a wayarsa ko a aljihunsa: alamomin da ke nuna masa duhun na tahowa, abin da zai yi shi kaɗai ya ɗauke hankalinsa, mutane da wuraren da zai je ko da ba zai faɗi komai ba, waɗanda zai gaya wa gaskiya, likita da layin gaggawa, wanda a Birtaniya ya haɗa da na ƙungiyar Samaritans mai sauraron masu damuwa a 116 123, sai nesanta shi da abin da zai iya cutar da kansa da shi. Na ƙarshen nan shi aka fi tsallakewa don nauyin baki, alhali shi ya fi ceto, domin tsananin yakan zo ya wuce cikin mintuna ko sa'o'i, kuma in abin ba ya kusa mutum yakan kai safiya. Gwajin da aka buga a 2018 a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, a kan mutum 1,640, ya nuna wannan tsari haɗe da kiran waya na bibiya ya rage yunƙuri da makamantansa da kashi 45 cikin ɗari a wata shida. Kiran farko cikin sa'a 72 ake yinsa. Tsohuwar dabarar sa mutum ya yi rantsuwa ko ya sa hannu cewa ba zai yi ba, ba ta da hujja, hankalin mai tambaya kawai take kwantarwa.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu ɗaya: me zai sami wanda ya yi magana? Babban tsoron ɗan kwana-kwana shi ne a sauke shi daga mota. Wani lokaci dole ne a sauke shi, amma in an tura shi gida ya zauna shi kaɗai wata uku ba mai kira, an haɗa masa abu biyun Joiner da hannun hukuma. Gara a ba shi aiki mai sauƙi a cikin rukuninsa in yana so, a sa ranar sake dubawa, a rubuta masa sharuɗɗan komawa. Fayil ɗin mai ba da shawara kuma kada ya haɗu da na ofishin ma'aikata, a kuma gaya wa kowa tun farko iyakar sirrin, wato haɗari ga ransa ko na wani. Ingila ta daina ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi tun 1961, majalisar Ghana ta yi haka a 2023. Inda doka ta tanadi hukunci a kansa, kamar sashe na 231 na Penal Code a arewacin Najeriya, wanda zai kwafi wannan tsari sai ya fara da tabbatar wa ma'aikaci cewa maganarsa asibiti za ta kai shi, ba caji ofis ba.

In mutuwar ta riga ta faru, kwanakin farko su ma rigakafi ne. Rukuninsa su ji daga bakin shugaba, ido da ido, kafin su gani a WhatsApp. Mutum ɗaya ya zama mahaɗa da iyali. Kada a faɗi yadda ya yi, kada a ɗora wa dalili ɗaya. Kada a tura rukuninsa ko tasharsa wurin gawar in da hali, abin da ke iya faruwa a wannan aiki fiye da kowane. A rubuta sunayen waɗanda suka fi kusa da shi, da wanda suka yi faɗa da shi a ƙarshe, da waɗanda aka san suna cikin nasu halin, a bi su ɗaya bayan ɗaya a mako na farko, da bayan wata, da ranar cika shekara.

Bayan rahoton Afzal hukumar ta miƙa sauraron ƙorafin cin zarafi ga wasu na waje, don kada ƙara ta koma hannun wanda ake ƙara. HMICFRS, hukumar da ke sa ido kan 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, ta sa hukumar Landan cikin kulawa ta musamman a Disamban 2022, ta cire ta a Maris 2024. A tsakani, a Maris 2023, ta fitar da rahoto a kan hukumomin kashe gobara 44 na Ingila, wanda ya nuna matsalar ba ta Landan kaɗai ba ce. Ƙungiyar agaji ta Fire Fighters Charity ta buɗe layin waya na dare da rana don ma'aikatan da ke tunanin kashe kansu. Rahoton ƙarshe na Grenfell ya fito ranar 4 ga Satumba 2024, a Fabrairun 2025 kuma gwamnati ta sanar za a sauke benen, aikin da aka ce zai ɗauki kimanin shekara biyu. Kowace irin wannan rana tana cikin waɗanda ya kamata a ɗauko jerin sunayen 2017 a sake kiran mutane, har da waɗanda suka bar aiki, waɗanda sunayensu ba sa cikin kwamfutar hukumar yanzu.